Zanen rayuwar talaka: Zille mai ban dariya ko Kollwitz mai sa kuka, wa ya riƙe amana?

Malam Mai Alli

Assalamu alaikum jama'a. Hotuna huɗun da na ɗora a sama, biyu na Heinrich Zille ne, biyu na Käthe Kollwitz. Dukansu Jamusawa ne, a Berlin suka yi aikinsu, zamaninsu ɗaya, har sun san juna. Mutanen da suka zana ma iri ɗaya ne: leburorin masana'antu, mata masu wankau, masu ɗinki a cikin gida, da 'ya'yansu. Amma duk wanda ya jera zanen nasu zai ɗauka garuruwa biyu ne daban. Wurin Zille tsakar gida ce cike da yara, mata sun leƙo ta taga ana cacar baki, ga 'yar magana ta ban dariya a ƙasan hoton da karin harshen 'yan unguwa. Wurin Kollwitz ɗaki ne mai duhu, uwa ta dafe kai da hannu biyu.

A 1871 mutanen Berlin sun ɗan haura 800,000. Zuwa 1905 sun kai miliyan 2. Masana'antu ne suka kwaso su daga ƙauyuka, aka cusa su a manyan gidajen haya masu hawa biyar. Daga cikin gidajen nan duk zane-zanen suka fito.

Ga ra'ayina, kuma ina so a ja da ni. Kollwitz ce ta riƙe amanar talaka. Zille gwani ne, ban musa ba, amma dariyar da ya sa a zanensa ta ba mai hali damar kallon talauci cikin nishaɗi, ya ninke jarida ya ci gaba da harkarsa. Me kuka gani?

'Yar Kakuri

Wa alaikumus salam Malam. Ni kam ban yarda ba. A gidan haya na tashi, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya a waje. Babanmu a masaƙa ya yi aiki. An sha kai wa ƙarshen wata da kyar, amma wallahi gidanmu ba gidan makoki ba ne. Ana faɗa a kan layin ruwa da safe, da yamma matan da suka yi faɗan suna yi wa juna kitso suna shewa. Da na buɗe hotunan Zille, gidanmu na gani. Da na buɗe na Kollwitz, ranar da aka yi rasuwa a gidanmu na gani. Ranar ta faru, gaskiya ce, amma ita kaɗai ba ta isa a ce ita ce rayuwarmu ba.

Sannan Malam, ka duba asalin kowannensu. Zille ɗan talaka ne. An haife shi 1858, mahaifinsa ya yi zaman kurkuku saboda bashi, suka ƙaura zuwa Berlin a 1867 suka zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yana yaro ya yi tallar jarida, ya yi dakon kaya. Ita kuwa 'yar masu rufin asiri ce, matar likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗalibi a Jamus

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗan kwatanta muku gidajen, tunda har yanzu da yawansu suna nan tsaye a unguwanni irin su Wedding da Kreuzberg da Prenzlauer Berg. Daga titi za ka ga gini mai kyau, da ado a fuska da manyan tagogi. Nan masu ɗan abin hannu suke zama. Sai ka bi ta wani soro ka ɓulla tsakar gida, ga wani ginin a gabanka. Ka sake bi ta wani soron, ga wata tsakar gidan, ga wani ginin. Iya nisan da ka yi daga titi, iya arhar haya, iya duhun ɗaki. Dokar gini ta 1853 ta yarda a bar tsakar gida mai faɗin mita 5.34 kacal kowane ɓangare, wato daidai inda keken kashe gobara zai iya juyawa. To ka yi tunanin bango mai hawa biyar ta kowace kusurwa. Na taɓa tsayawa a ɗaya daga cikinsu da azahar a watan sanyi, rana ba ta taɓa ƙasa ba.

Akwai wani gida da ya yi suna a Wedding, Meyers Hof, tsakar gida shida a jere, mutum wajen 2,000 sun taɓa zama a cikinsa lokaci guda. An rushe abin da ya rage na shi a 1972. Kuma haya ta yi tsadar da iyali kan ba da hayar gadonsu: mai aikin dare ya zo ya kwanta da rana, ya tashi kafin mai gadon ya dawo. Wasu iyalan kuma sabon ginin da bai bushe ba suke shiga da arha, su zauna cikin danshi, da bango ya bushe a tashe su a sa masu biyan cikakken kuɗi.

Ana jingina wa Zille wata magana, cewa ana iya kashe mutum da gida kamar yadda ake kashe shi da gatari. Wanda ya faɗi haka ba wasa yake da talauci ba.

Maman Hanifa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka idona wani wuri ya tafi. Malam Mai Alli, don Allah ka ƙara girman hoton Zille na biyu ka kalli ƙafafun yaran. A lanƙwashe suke. Ciwon ƙashi ne na yaran da ba sa samun rana kuma ba sa samun abinci mai gina jiki. Bai rubuta sunan ciwon ba, amma ya zana shi daidai, duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara zai gane.

Kuma ku duba irin barkwancin nasa. Akwai wanda yarinya take yi wa sauran yara alfahari cewa in ta ga dama za ta iya tofa jini a kan dusar ƙanƙara. Tarin fuka ke nan. Yarinyar ba ta san mutuwa take ɗauke da ita ba, ita a wurinta wata bajinta ce da sauran ba su da ita. Na ga yara irinta. Akwai wani kuma da yaro yake kiran uwarsa daga tsakar gida ta miƙo tukwanen furanni biyu, wai ƙanwarsa tana son zama cikin korayen tsirrai. Gonar tasu ke nan duka. A birnin nan na Berlin likita Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a 1882, ilimi yana nan, amma ɗakunan da ke yaɗa cutar suna nan yadda suke. In mutum ya yi dariya a kan waɗannan hotuna, dariyar ba ta gama fita za ta tsaya masa a maƙogwaro.

Malam Mai Alli

Maman Hanifa, Allah ya saka da alheri, bayanin ƙafafun nan ya ƙara wa hoton nauyi. Amma ke da kika gane, ma'aikaciyar jinya ce. Attajirin da ya sayi jaridar barkwanci ya gane? Abin da nake nufi ke nan. Zanen Kollwitz ba ya buƙatar mai fassara.

Ku ba ni dama in tsaya kan aikin da ya fito da ita, Boren Masaƙa. A watan Yunin 1844 masaƙan hannu na yankin Silesiya suka tayar da bore a garuruwan Peterswaldau da Langenbielau. A gida suke saƙa, 'yan kasuwa suna kawo zare su karɓi yadi, kuma kullum ana rage musu lada saboda yadin inji mai arha ya cika kasuwa. Suka fasa gidajen 'yan kasuwan, aka turo soja, aka harbe mutum 11. A 1893 Kollwitz ta kalli wasan kwaikwayon da Gerhart Hauptmann ya rubuta kan boren, ta ajiye abin da take yi, ta duƙufa kan wannan har 1897. Hotuna shida ta fitar, uku an bugo su daga dutse, uku daga farantin jan ƙarfe.

Na farko shi ne wanda na ɗora. Jariri a kwance a gado, kansa ya fi jikinsa, uwa ta sunkuya a kansa ta kama kanta da manyan hannaye masu jijiya. A bayanta masaƙa ce ta cinye rabin ɗakin. Abin da ake ci da shi da wurin da ake mutuwa duk ɗaki ɗaya. A na huɗu masaƙan suna tafiya da gatura da diga, kawuna a ƙasa, wata mata goye da yaro yana barci. A na biyar suna bakin ƙofar ƙarfe ta gidan attajiri, mata suna tono duwatsun titi suna miƙa wa maza. Na ƙarshe an koma ɗakin saƙa: gawa biyu a ƙasa kusa da masaƙa, ana shigowa da ta uku, hayaƙin bindiga yana bin ƙofa.

An nuna su a babban baje kolin Berlin na 1898. Alƙalai suka ba da shawarar a ba ta lambar zinariya, Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya ƙi sa hannu. Shi ne kuma a 1901 ya tsaya ya yi jawabi yana sukar zanen da ke gangarawa cikin kwata maimakon ya ɗaga mutane sama. A 1906 ta zana fastar baje kolin masu aiki a gida, fuskar wata mata da wahala ta tsotse, matar sarki ta ƙi zuwa wurin sai an cire fastar. Zanen da ke hana fada sukuni haka, shi nake kira riƙon amana.

'Yar Kakuri

To Malam, ka ba ni makami da hannunka. Bore 1844, ita an haife ta 1867. Ba ta ga masaƙan nan ba, a dandalin wasan kwaikwayo ta gan su. Shi Zille da littafinsa a aljihu yake bin lungu yana zana abin da ke gabansa, har kyamara yake ɗauka.

Malam Mai Alli

Labarin ta samo daga dandali, ƙanwata, amma fuskokin daga gidanta ta samo su. Ta auri Karl Kollwitz a 1891, likitan asusun lafiyar ma'aikata ne, a unguwar talakawa ta Prenzlauer Berg yake zaune kuma a gidan yake duba marasa lafiya. Kusan shekara hamsin suka yi a wannan gida. Matan da ke jiran likita da yara a cinya su ne ta zana. Uwar da ke cikin hoton farko ba 'yar wasa ba ce.

Ɗalibi a Jamus

Akwai abin da ita kanta ta rubuta da tsufanta wanda zai iya ba ku duka biyun mamaki. Ta ce tun asali ba tausayi ne ya ja ta zuwa zanen ma'aikata ba, kyau ta gani a jikinsu. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa na garinsu Königsberg, yadda suke tafiya da yadda suke ɗaukar kaya, shi ya burge ta, masu kuɗi kuwa ba su ba ta sha'awa. Sai daga baya, ta dalilin matan da ke zuwa wurin mijinta, nauyin halin da suke ciki ya kama ta. Ni ina ganin shi ya sa hannayen da take zanawa suke da girma da ƙarfi haka. Mutanenta suna cikin baƙin ciki, amma ba za ka ce musu abin tausayi ba kai tsaye, akwai kwarjini.

Mai Fenti na Fagge

Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, sana'ata rubutun allon shago da zanen mota, amma ina biye da ku tun farko kuma akwai abin da ba ku taɓo ba. Wa ke biya? Mai zane ba iska yake ci ba. Ita kun ce mijinta likita ne, ke nan ko hoto ya yi wata bai fita ba za a ɗora tukunya. Shi fa?

Ɗalibi a Jamus

Tambaya mai kyau, Malam Mai Fenti. Shekara 30 ya yi yana aiki a wani kamfanin buga hotuna, aka sallame shi a 1907 yana dab da shekara 50, da iyali. Daga nan da zane kaɗai ya ci abinci, kuma masu saye su ne jaridun barkwanci.

Mai Fenti na Fagge

Yauwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jaridar barkwanci dariya take saye, in ka kai mata gawa ba za ta karɓa ba. To ni abin da na gani, mutumin nan ya ba su dariyar da suka biya, ya cusa jinin yarinyar nan a ciki suka buga da kuɗinsu. Wannan dabara ce ta wanda ya san ciwon neman abinci. Kada a ɗora masa laifin da yake na kasuwa.

Ni ma haka nake aiki. Mai mota ya zo ya ce a yi masa zaki a bayan bodi, ko gaggafa, ko doki da mahayi, a rubuta Allah ya kiyaye hanya. Tunda nake, ba wanda ya taɓa cewa in zana masa yaron mota yana ɗaure tamfol cikin ruwan sama, ko 'yan dako suna sauke buhuna a Dawanau. Kuma su nake gani kullum, na san yadda wuyan ɗan dako yake sunkuyawa in buhu ya hau, na san yadda yake naɗe gammo. Zan iya zana shi ido rufe. Wa zai saya? Yanzu ma bana ta kwamfuta ta kashe mana kasuwa, mai shagon aski sai ya ciro hoton wani ɗan ƙwallo daga intanet a buga masa.

Malam Mai Alli

Malam Mai Fenti, Allah ya yi wa sana'a albarka, maganarka tana da ƙarfi. Amma ga inda kasuwar ta kai shi. A shekarun 1920 Zille ya zama abin yayi a Berlin har ana shirya bukukuwan rawa da sunansa. Masu kuɗi su sa tsummokara da hulunan leburori, su yi shigar mutanen cikin zanensa, su kwana suna rawa da shaye-shaye, da asuba su koma gidajensu masu ɗumi. Talaucin wasu ya zama kayan kwalliyar dare ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai. Ba wanda ya taɓa yin shigar uwar da ke cikin hoton Kollwitz ya je rawa, don hoton bai bar ƙofar yin hakan ba.

Maman Hanifa

Abin ya yi muni, ba shakka. Amma Malam, laifin mai zane ne ko na masu rawa?

Malam Mai Alli

Na masu rawa ne. Sai dai mai zane yana da zaɓi a kan ƙofar da zai bari a buɗe. Ku dubi fastar Kollwitz ta 1912: yarinya riƙe da ƙaninta a tsakar gida, kusa da allon da ya hana yara wasa a wurin, an rubuta cewa mutum 600,000 a Berlin da kewaye suna zaune a gidajen da kowane ɗaki ke ɗauke da mutum biyar ko fiye. Masu gidajen haya suka tayar da ƙura cewa tana ingiza gaba tsakanin talaka da mai kuɗi, aka hana liƙa ta. Haka bayan yaƙin duniya na farko, wanda ya cinye ɗanta Peter a 1914. A ƙarshen 1923 kuɗin Jamus ya lalace har burodi ɗaya ya kai mark biliyan 200. Ta zana yara sun ɗaga kwanoni wayam, ta zana uwa ta juya baya ta sunkuya yara biyu suna jan zaninta. Don a tara taimako aka yi su, ba don adon falon kowa ba.

Ɗan Damagaram

Ina gaisuwa, manya. Na karanta duka. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar Malam Mai Fenti. Mu me ya sa ba mu da irin wannan? Ina ganin dalili a fili yake, mutanenmu sun daɗe suna ƙyamar zana abu mai rai saboda addini. In haka ne, muhawarar nan ta Turawa ce, mu 'yan kallo ne.

Shugaban zaure

Ɗan Damagaram, sannu da zuwa. Hukuncin zane a shari'a a kai wa malamai, ba za mu yanke shi a nan ba. Amma tambayar ina rayuwar ma'aikacinmu take ajiye, wannan tana kan hanya, a ci gaba.

Malam Mai Alli

Ɗan uwa, ina ganin ba mu rasa ba, wurin ajiyar ne ya bambanta. Abin da su suka sa a takarda mu a kiɗa da waƙa muka sa shi. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, kusan kowace sana'a da makaɗanta, mata suna da waƙoƙin niƙa da na daɓe, kuma a ciki ake faɗin wahala da gori da habaici. Bangon gida kuwa na mai kuɗi ne. Ka duba tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da naku na Birni a Damagaram, ado ne na dagi da zayyana, wani wurin har da keke ko mota. Maginin da ya kwaɓa ƙasar ya hau tsani ba ya cikin adon, abin da mai gida ya mallaka ne a ciki. Maganar Malam Mai Fenti ce ta sake dawowa.

Ɗan Damagaram

Na karɓi wannan. To amma makaɗin sana'a ma wanda ya yi masa kari yake wasawa. Sarkin noma ake yi wa kirari, ɗan ƙwadago da ke bayan kuyya ba a san sunansa ba.

'Yar Kakuri

Wannan magana ta taɓa ni, Ɗan Damagaram. An buɗe masaƙar farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata daga ko'ina. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titi ba masaka tsinke: kekuna, masu tafiya a ƙasa da kwanon abinci a hannu, mata masu tuwo da masu ƙosai a bakin get. Babanmu yana dawowa da auduga fari fat a gashinsa da girarsa, mu yara mu yi ta tsince masa muna dariya, shi kuma yana tari. Bayan shekarar 2000 aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Inda babanmu ya yi aiki an rufe, ya bi haƙƙinsa har ya gaji. Yau 'ya'yana suna wucewa ta gaban ginin, ciyawa ta cinye shi, in na ba su labari sai su yi ta kallona. Ba ni da hoto ko ɗaya na wancan titin.

Shi ya sa Malam na tsaya wa Zille. In za a zana mana Kakuri, ina son a zana tsintar audugar nan da dariyarmu, a bar tarin a ciki. In aka zana ranar rufe get kaɗai, 'ya'yana za su ɗauka kakansu abin tausayi ne kawai, alhali mutum ne mai sana'a, mai keke sabo, mai raha.

Ɗalibi a Jamus

Allah ya jiƙan na gaba, Anti, ya ba na raye lafiya. Ita Kollwitz ɗin ma ba ta raina Zille ba. Ta taɓa cewa Zille ba ɗaya ba ne: akwai na jaridun barkwanci, akwai mai zane don sukar halin da ake ciki, akwai kuma na uku wanda ta fi so, wanda zalla mai zane ne. Kuma hukuma ta karrama su duka daga baya. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar masu fasaha ta Prusiya, jiha mafi girma a Jamus a lokacin, a 1919, shi ya shiga a 1924. Ya rasu 1929. Ita ta ga zuwan 'yan Nazi, a 1933 suka tilasta mata barin majalisar, daga baya aka daina nuna aikinta. Ta rasu a watan Afrilun 1945, kwanaki kaɗan kafin yaƙi ya ƙare a Turai.

Malam Mai Alli

Ina nan kan bakana game da bukukuwan rawar nan, da kuma cewa zanen da mai mulki ya ji tsoronsa ya fi wanda ya yi wa dariya tasiri. Amma ƙanwata, hoton da kika kwatanta na babanku, da auduga a gira da yara suna tsinta, ban san wanda zai iya yin rawa da shi ba. In aka zana shi yadda kika faɗa, zan so in gani.

Maman Hanifa

Kuma tarin nan sananne ne a wurin masu aikin auduga, ƙurar ce ke taruwa a huhu shekara da shekaru. Duk wanda yake da tsohon ma'aikacin masaƙa a gida mai yawan tari ko ƙarancin numfashi, don Allah a kai shi a duba ƙirjinsa, kada a ce tsufa ne.

Mai Fenti na Fagge

Hajiya 'Yar Kakuri, ni zan gwada, in kin amince. Kuɗin katako da fenti kawai za ki biya. Amma sai kin taimaka mini, don ban taɓa ganin wurin yana aiki ba. Kayan aikin nasu wane launi ne, kuma da hula ko babu? Keken wane iri ne, mai kariya ko marar kariya? Get ɗin ƙarfe ne mai sanduna ko rufaffe? Kuma canjin aikin safe kike so ko na yamma, don hasken ba ɗaya ba ne.

'Yar Kakuri

Na amince, Malam, Allah ya biya ka. Na yamma nake so. Zan tambayi Innarmu launin kayan, ita ce take wanke su. Keken mai kariya ne, a nan yake ɗaure kwanon abincinsa. Sauran bayanin zan turo maka ta akwatin saƙo in na yi magana da ita, in sha Allahu.